Hannu a Ƙirji

A ajin 'yan shekarar ƙarshe na makarantar koyon aikin jinya ba mai kiranta da sunanta na yanka. 'Yar Sannu suke ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Tun ranar da aka fara kai su asibiti koyon aiki aka gane ba ta iya wuce gado ba ta ce sannu ba, ba ta kuma iya faɗin sannun ba tare da hannunta ya kai ba. Ta taɓa goshi, ta gyara matashi, ta ja zane ta rufe ƙafar da ta leƙo. Wata rana ta yi karo da ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa, ta tare shi kada ya faɗi, ta ce masa sannu a gaban jama'a. Daga nan suna ya bi ta, har malamai suka ɗauka.

Da shekara ta raba tsaka sai maganar fanni ta taso. Tsarin makarantar shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi sashen da zai yi zamansa na ƙarshe kafin jarrabawa. In shugabar sashen ta yaba da aikinka, ita za ta nemi a bar mata kai bayan ka sami lasisi, ka ƙara gogewa a hannunta, sannan ta sa sunanka cikin waɗanda za a tura karatun ƙwarewa. In ba ta yaba ba, shi ke nan, ka zama nas ɗin ko'ina: yau ɗakin maza, gobe na yara, jibi duk inda wani ya tafi hutu. Ba abin kunya ba ne, mutane da yawa sun tsufa a haka lafiya lau. Amma a wannan ajin an ɗauki abin da zafi. Masu son aikin ungozoma suka ware, masu son ido suka ware, ga 'yan ƙashi, ga 'yan gaggawa, ga wani saurayi shiru-shiru da ya ce sashen masu taɓin hankali yake so, aka yi ta tsokanarsa har ya daina cin abinci da su.

Kowa ya gama yanke wa 'Yar Sannu hukunci cewa ɗakin yara za ta. Sai ta ce tiyata.

Ƙawayenta suka yi dariya har da riƙe ciki. Ba ta yi musu bayani ba, don dalilin nata ba na faɗa a aji ba ne. Gajiya ta yi. Duk wanda ta yi jinya sai ya shiga ranta, ta san sunan 'ya'yansa, ta san abin da ba ya ci, ta san wanda ya yi alkawarin zuwa dubiya bai zo ba. Sai wata safiya ta tarar an yaye zanen gadon, an goge katifa, ta shige ɗakin ajiya ta yi kukanta a tsakanin kwalayen safar hannu, ta fito ta kama na gaba. Ta duba ta ga in haka za ta yi ta yi har ritaya, ba abin da zai rage a jikinta. A tiyata kuwa mutum barci yake, an lulluɓe shi da koren ƙyalle, ba abin da ake gani sai wurin da za a yanka. Ba zai gaya maka sunan jikarsa ba.

A gida su uku ne: ita, da Inna, da yayanta mai gyaran firiji. Da ta faɗa musu, Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Tiyata? Ke da in za a yanka kaza sai kin toshe kunne?"

"Inna, wannan daban."

"Ina bambancin? Wuƙa ce, jini ne."

"Ita ba yanka za ta yi ba, Inna," in ji yayan daga kan tabarma. "Miƙo kaya za ta riƙa yi. Irin aikin da nake neman mai yi mini a shago. Da wurina kika zo ma, ba sai an yi jarrabawa ba."

Ta jefe shi da takalmi. Inna ta ce Allah ya sa alheri, ta ɗauki tsintsiyarta, amma da ganin yadda take sharar ka san ba ta gamsu ba.

Su biyar suka zaɓi tiyata, gurbi kuwa biyu ne. Ɗaya ta sauƙaƙa wa kowa, ta sume tun a aikin farko da ta gani, ta farfaɗo ta koma sashen ido. Wadda za ta raba gardama tsakanin sauran ita ce Babbar Sista, shugabar ma'aikatan jinyar sashen, wata gajeriyar mace mai furfura a gira. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin wanda ya so ta maimaita masa magana ba.

Ita da kanta ta kai su bakin famfo ta koya musu wanke hannu: daga farce har gwiwar hannu, a buɗe famfo da gwiwa, a rufe da gwiwa, ruwa ya gangaro daga yatsu, kada ya koma musu. Sannan riga, sannan safar hannu, ba tare da fata ta taɓa wajensu ba. Da suka gama ta sa suka haɗa hannuwansu a ƙirji, ta zagaya su tana dubawa.

"Daga yanzu hannuwan nan ba naku ba ne," ta ce. "Na wanda ke kwance ne. Ba sa sauka ƙasa da ƙugu, ba sa hawa sama da kafaɗa. Hancinki ya yi ƙaiƙayi, ki yi haƙuri. Takunkumi ya zame, ki kira a gyara miki. Abu ya faɗi, ya faɗi, ba ruwanki, akwai mai ɗauka. A ɗakin nan nas biyu ne, ta ciki da ta waje. Ta waje ita ke zirga-zirga. Ta ciki ba ta taɓa komai sai abin da aka dafa."

Ga sauran ɗaliban wannan doka ce kawai, a haddace a wuce. Ga 'Yar Sannu kuwa, wadda tun tana rarrafe hannunta ke riga tunaninta isa wuri, jan aiki ne.

Kan nata ba shi da matsala. Ta riga kowa haddace sunayen kayan aiki, ta iya jera su a tire yadda ko ido rufe za ta ɗauko, ƙidayar auduga kafin a rufe ciki ba ta taɓa ɓace mata ba. Likitoci suka fara lura cewa kafin su buɗe baki abin da suke so ya sauka a tafinsu. Hannun ne dai. Almakashi ya zamo daga gefen tebur, ta cafe shi a cinya kafin ya kai ƙasa, ta ɗago tana murmushi a cikin takunkumi, ita a dole ta yi abin kirki. Babbar Sista ta ce, "Fita ki sake." Tabarau ɗin wani likita ya gangaro masa kan hanci, ta tura masa da yatsa. "Fita ki sake." Har masu goge ƙasa suka san in an ji famfo na zuba a tsakiyar aiki, ita ce.

Babban ɓarin ya zo ne ranar da aka shigo da wata mai naƙuda a gurguje, bugun zuciyar ɗan cikinta na raguwa. Ba a sa ta barci ba, allurar baya aka yi mata, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙasa ta bar mutum ido biyu. Abin da 'Yar Sannu ba ta sa a lissafi ba ke nan lokacin da take zaɓe: ashe ba kowa ke barci a tiyata ba. Haihuwar fari ce, haƙoran matar sai karo suke. Ana shirin lulluɓe ta sai hannunta ya zamo daga kan abin da aka ɗora shi, ya miƙo yana lalube a iska.

"Wayyo, wani ya riƙe ni."

'Yar Sannu ta riƙe. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta. Ta matse yatsun ta ce, "Sannu, muna nan," matar ta yi ajiyar zuciya. 'Yar Sannu ta saki, ta juya, ta sa wannan hannun cikin tire tana gyara wuƙa da almakashi don likita.

"Tsaya," in ji Babbar Sista, wadda ke gefenta cikin riga da safa.

Tiren duka ya ɓaci. Aka janye shi, nas ta waje ta ruga ɗauko wani, Babbar Sista ta karɓi wurin. Likita na tsaye da hannuwansa a ƙirji yana kallon agogon bango, da zagin 'Yar Sannu ya yi da ya fi mata sauƙi. Tana jingine da bango aka ciro jaririn, jikinsa a sake, shiru. Aka yi ta murza bayansa. Can ya yi wani ɗan kuka kamar na mage.

Bayan an gama Babbar Sista ta same ta a ɗakin canza kaya. Ba faɗa ta zo yi ba.

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Ba sakaci kika yi ba. Da sakaci ne na san maganinsa. Kirki kika yi, a wurin da kirki ke iya kashe mutum."

"Sista, ba zan ƙara ba."

"Ke ba za ki ƙara ba. Hannunki fa, kin tambaye shi?" Ta cire hularta ta ninke. "Je ki ɗakin yara. Hannu bibbiyu za su karɓe ki, yau ɗin nan zan yi miki magana. Ba kora ba ce. Wurin da halinki ke da amfani nake nuna miki."

"Nan nake so, Sista."

Babbar Sista ta dube ta. "To. Kina da sauran zamanki. Amma in kika ƙara ɓata mini tire, ba sai na ce miki komai ba."

Washegari ƙafarta ta kai ta har ƙofar ɗakin masu jego, tana son ta ga yadda jaririn ya kwana. Ta hango matar daga nesa tana shayarwa. Ta san in ta shiga za ta ɗauke shi, za ta tambayi sunan da za a sa masa, za ta dawo gobe. Ta juya ta koma.

A gida ta ba yayanta labari, ta tsallake wurin jaririn. Shi kuwa da yake kansa na mai gyara ne, duk abin da ya lalace sai ya nemi ta inda za a kwance shi. Ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, hannu ne ya saba da cafe abu, sai a saba masa da ƙin cafewa. Yana faɗa ya wurgo mata cokali. Ta cafe.

"Kin faɗi. Fita ki sake."

Daga ranar gidan ya koma filin atisaye. Tana shigowa murfin tukunya zai taso daga bayan ƙofa. Tana wanke-wanke lemo zai gangaro daga kan tebur. Ya yi kamar wayarsa ta suɓuce, ya ɗora kofi a bakin taga ya ture da gwiwar hannu. Da farko komai sai ta cafe, wani lokacin har da tsalle. Ya yi ta dariya yana cewa da ƙwallo ta shiga da yanzu babu mai tsaron gida kamarta. Sai ta fara yawo a cikin gida da hannuwa haɗe a ƙirji. Ta ci abinci ta mayar da su, ta gaisa da baƙi suna nan inda suke. Wata maƙwabciya ta ja Inna gefe ta tambaye ta ko ciwon ƙirji ke damun yarinyar.

Inna ba ta ga abin dariya ba. Ranar da kofin gilashinta ya tarwatse a tsakar gida, 'yarta na tsaye a kansa ko gezau, ɗanta na tafi, ta fito ta dube su duka biyun.

"Ni dai na san inda ake koya wa mutum ya taimaka. Ban taɓa ganin inda ake koya masa ya tsaya yana kallo ba."

"Karatu ne, Inna."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ku share mini gilashin."

Abin haushi, dabarar mai firiji ta yi aiki. A hankali wani abu ya sauya. In abu ya motsa a gefen idonta, maimakon hannu ya fita sai ya koma ciki, ƙafa ta ja da baya. Da farko sai ta tuna, daga baya abin ya daina bi ta kanta. A motar haya jakar wata mata ta zame daga cinyarta, kaya suka watse, 'Yar Sannu ta tsinci kanta a naɗe tana kallo. Sai da matar ta harare ta sannan ta sunkuya. Ta ji kunya, amma a ƙarƙashin kunyar, maganar gaskiya, daɗi ta ji.

A tiyata famfo ya daina zuba a tsakiyar aiki. Abin da ta zo nema kuma ta same shi, ta daina sanin sunaye. Ciki ne, ƙafa ce, maƙogwaro ne, a shigo da shi a fitar. Ta koma gida ta yi barcinta, ba fuskar da ke biyo ta. Har 'yar ƙiba ta yi.

A makonta na ƙarshe aka kawo wani tsoho da za a gyara wa karaya a cinya, shi ma allurar baya. Tsohon akwai surutu. Yana ta ba likitan da ya yi masa allurar labarin gonarsa, har idonsa ya faɗa kan tire, ya ga guduma da abin huda ƙashi. Nan labari ya yanke. Ya dubi wadda ke tsaye wurin tiren, ya miƙo hannu.

"'Yata, zo nan."

Ta ja da baya, hannuwa a ƙirji. Cikin murya daidai ta ce wa nas ta waje, "Anti, hannunsa." Ta wajen ta ajiye abin da take yi ta zo ta riƙe shi. Ita kuwa ta juya ta ci gaba da jera kayanta, ko numfashinta bai canza ba.

Babbar Sista na nan tana kallo. Sai bayan an tashi ta tarar da 'Yar Sannu a bakin ƙofa tana jefa takalman roba cikin kwando, wari babba wari ƙarami. Ɗalibai da baƙi ne ke tsintar takalmi a kwandon nan. 'Yan gida kowa da nasa a kan kanta, da sunansa a rubuce a dunduniya.

"Lamba nawa kike sawa?"

Ta faɗa.

"Je ki ci jarrabawarki. In kin dawo za ki tarar da naki a kan kanta."

Iyakar bikin ke nan. A sashen nan ba a taya murna fiye da haka.

Ta iso gida da la'asar, labarin na cin bakinta tun daga titi. Yayan na zaune a ƙofar ɗakinsa ya kwance wata fanka. Inna ta gama wanki, ta taso daga wurin famfo da bahon kaya a kwankwaso za ta je shanya. Simintin duk ruwan sabulu ne.

"Inna! Albishirinki!"

Inna ta waiwayo da fara'a, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tafi. Bahon ya yi gefe. Babu wata tazara tsakaninsu, da 'yar ta miƙa hannu ta kai. Inna ta miƙo nata a buɗe, ba ta ma yi ihu ba, don ta san wadda ke gabanta.

'Yar Sannu ta ja da baya, hannuwanta suka haɗu a ƙirji.

Inna ta sauka a kan tafin hannunta. Aka ji ƙarar, 'yar ƙarama, kamar an karya busasshen kara. Kafin 'yar ta durƙusa ta riga ta ga yadda wuyan hannun ya lanƙwashe. Ta san sunan karayar, ta san ƙashin da ya tafi, ta ma san tiren da za a buɗe in abin ya kai ga aiki. Duk wannan ya zo mata a jere, tsaf, kuma shi ya fi komai tsorata ta.

Yayan ya watsar da fanka ya rugo. A idonsa aka yi komai, kuma shi ne malamin. Ya tsuguna a ɗaya gefen, bai dubi ƙanwarsa ba.

"Inna, kada ki motsa shi," ta ce. "Bari in gani. Inna, wallahi ni ban san..."

"Santsi ne," in ji Inna. Gumi ya keto mata a goshi, amma muryarta ba ta rawa. "Ni na zubar da ruwan. Mene ne albishir ɗin?"

"Inna, bari tukuna."

"Faɗa mini. Sun ɗauke ki?"

"Sun ɗauke ni."

"To, madalla. Kin wahala a kansa."

Ta kwantar da karyayyen hannun a cinyarta, ta numfasa. 'Yar ta matso za ta tallabe ta ta ɗaga. Inna ba ta ture ta ba, ba ta kuma ɓata fuska ba. Lafiyayyen hannun kawai ta ɗaga, ta wuce da shi ta gaban 'yar, ta miƙa wa ɗanta.

"Kai, kama ni."